Ranar da Takobina Ya Tara Mini 'Yan Kokowa

Duk abin da ya same ni a Affala bakina ne ya ja mini, sai kuma wani kafinta da ya iya aikinsa fiye da kima.

A hutun Disamba na 2023 ne. Mu ɗaliban jami'a 'yan garin mun baro Tahoua mun dawo gida, kullum muna fada ana dafa shayi ana gardamar wanda ya fi iya buga FIFA. Kowa gwani ne a baki. Ni kuma da ma ina ji da kaina wajen tsari, don na taɓa riƙe kuɗin ajinmu wata biyu ba su ɓace ba. Sai na ce a bar cacar baki, a yi gasa. Mutum 16, kowa ya zuba dala ɗari, wato sefa 500, a yi sili ɗaya ƙwale. Wasa 15 ke nan. Na zauna da biro na lissafa: kowane wasa minti 12, awa uku an gama, kafin magariba kowa ya kama gabansa. Har yau takardar na nan, nakan duba ta in ina son in yi wa kaina dariya.

PlayStation 4 ɗin ta ɗan kawuna ce, daga Abidjan ya zo da ita. Ka san Ba'adare, in bai je bida can ba, to yayansa ya je. Ya ba ni aro bisa sharaɗi guda: ko ƙura kada ta taɓa ta. A Adar, a tsakiyar hunturu! Na ce to. Wuta kuwa ban ma sa ta a lissafi ba, domin tun watan Agusta Najeriya ta yanke wadda take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ko a birnin Tahoua sai an yi sa'a. Na yi hayar gurup wajen wani mai cajin waya, na zuba masa man jika uku.

Sai batun kyauta. Na ce kofi na wasu ne. Mu da aka fara kokowar takobin ƙasa a jiharmu, a Tahoua, a 1975, takobi za mu bayar. Kafinta ya sassaƙa mini na katako, ya shafe shi da fenti ruwan azurfa, yana walƙiya kamar na gaske. Na ba mai shela dala arba'in na ce, "Baba, ka faɗa wa gari ɗalibai za su kara ran Asabar bayan azahar, wanda ya ka da kowa ya ɗauki takobi." Ya ce wace irin karawa? Na shiga yi masa bayanin tele da manet, yana ta gyaɗa kai. Ashe gyaɗa kan na ladabi ne. Kuma a daidai makon ne ake kokowar ƙasa a Agadas, kowace rediyo ka kunna sunan Issaka Issaka kake ji.

Ran Asabar ina cikin rumfa ina haɗa wayoyi sai na ji ganga. Na ɗauka biki ake. Da na leƙo, ga amalanke daga ƙauyuka, ga masu ƙosai sun kafa murhu, ga mai cuku, ga ƙarti uku da guraye da layu har wuya suna tsalle suna ɗumama jiki. Kawu ya ratso taron da sandarsa.

"Kai ɗan nan, ina hilin?"

Na nuna masa tele. Na ce, "Kawu, ga shi nan."

Ya dubi tele, ya dube ni, ya sake duban tele. "Wanga madubi? To, Allah shi kyauta." Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna gaba-gaba, irin zaman mai jiran ganin ƙarshen abin kunya.

Aka fara. Cikin mutum 16, goma sha ɗaya sun rantse sai Real Madrid za su ɗauka, har aka yi rabin awa ana rabon ƙungiya kamar rabon gado. Wani dattijo ya ce a sa masa Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ya gani. Na duba faifan kaf babu Mena, ya ce ai da ma ya san abin na ƙarya ne. Manet ɗaya kuma ta kamu da ciwon karkata hagu: da ka sake ta, sai ɗan wasanka ya nufi bakin fili a guje kamar wanda ciki ya murɗa wa. Duk wanda aka ci, manet ce. Duk wanda ya ci, gwaninta ce.

Makaɗin ya ga tunda ya riga ya zo ba zai koma hannu rabbana ba, sai ya tsaya kan wani siririn ɗalibin lauya yana zuba masa kirarin da ake yi wa mai ka da maza. Yaron ya ruɗe ya ci gidansu. Duk da haka makaɗi ya miƙo mini hannu, wai ni ne mai gayya.

Gurup ya mutu sau huɗu, kuma duk mutuwa ɗaya sai a samu mutum biyu da kowannensu ya rantse shi ke kan gaba. Na rasa yadda man jika uku ke ƙarewa haka, sai da na zaga bayan rumfa. Mai gurup ya jona wayoyin baƙi sun fi talatin, yana karɓar dala ashirin-ashirin, a kan maina.

Bayan isha'i, saura wasa uku, gurup ya yi tari ya yi shiru na ƙarshe. Jama'a suka ce ba inda za su sai sun ga wanda ya ɗauki takobi. Kawu ya miƙe ya yanke hukunci: tun kaka da kakanni ba a taɓa ɗaukar takobi a zaune ba. Na waiga in nemi ɗalibai huɗun da suka rage, sai takalmin ɗaya na gani. Aka ce to, mai gayya ya tsaya wa 'yan boko.

Don tausayi suka ba ni ƙaramin cikin 'yan kokowar, yaron da bai wuce shekara 17 ba. A kokowa gwiwa biyu kawai suka taɓa ƙasa an gama. Ni ban yi rowa ba, na ba su gwiwa da baya da ƙeya gaba ɗaya, tun makaɗi bai gama gyara gangarsa ba. Wayoyin nan da maina ya cika su ne suka ɗauki abin, bidiyon ya riga ni isa Tahoua.

PlayStation ta koma wa mai ita tana gurnani kamar gurup saboda ƙura, kuma har yau yana bina kuɗin manet. 'Yan gasa 16 suna bina dala ɗari-ɗari. Takobin kuwa na ji yana rataye a ɗakin uwar yaron, ana nuna wa baƙi.