Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Ruwa a Ƙasar Jibiya

Ɗaukar hoton tsuntsayen teku aiki ne mai buƙatar kyamara da haƙuri da kuma teku. A Riko ta ƙasar Jibiya da kewayenta ana samun biyun farko. Mai neman na ukun sai ya dangana da Legas, don haka masu sha'awa kan nufi madatsar ruwa ta Jibiya da ke kan Kogin Gada, wanda ke ƙetara iyaka ba fasfo ya zama Gulbin Maraɗi.

Igiyar ruwa a nan sai an jira iskar hunturu. In ta yi nawa, yaro ɗaya da dutse ya wadatar. Zalɓe ya fi kowa sauƙin ɗauka, domin yakan tsaya cak kamar mai jiran hoton katin zaɓe. Balbela kuwa ba ta rabuwa da shanu, shi ya sa rabin hotunanta ƙafar saniya ce. Shamuwa sai damina ta ƙarato take leƙowa.

Ana fita da sanyin safiya, a ba rana baya. Kada a kuskura a karkata kyamara wajen shingen jami'an iyaka, domin tsuntsayen can suna da tambayoyi da yawa.