Jakadun Manhaja a Bauchi: Masu Koyo da Masu Kama da Koyo

Aikin jakadan manhaja dillanci ne. Yana tsaye tsakanin kamfani irin Google da matasan da ke rubuta manhaja, ya kawo musu sabon kaya, ya mayar wa kamfanin kokensu. Dillalin Kasuwar Muda Lawal da ke faɗin farashin bara kuwa ba ya daɗewa a sana'a. Python 2 ta yi ritaya a Janairun 2020, Heroku ta rufe ƙofar kyauta a Nuwamban 2022, a watan da ChatGPT ya fito. Ke nan karatu dole ne. Sai dai a taron DevFest na Bauchi, ko a harabar ATBU ta Yelwa, kowa zai rantse maka yana karatu, kuma kowa da irin nasa.

Na gaba-gaba shi ne Sarkin Satifiket. Wannan bawan Allah ba ya barin kwas ya wuce shi: Coursera, Udemy, shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, duk sunansa na ciki. Bidiyo na tafiya a gefe yana cin masa, ƙarshen darasi ya kwafi amsa, gobe sai ga hoto a LinkedIn da "Alhamdulillah" da manyan baƙaƙe. Ka ce ya gyara maka shafi guda da ya ƙi buɗewa, sai ya tuna yana da ɗaurin aure a Azare. Ƙaninsa shi ne Mai Riga, wanda bayan kwamfutarsa ya cika da sitika har ba a gane wane kamfani ya ƙera ta. Ya san ranar kowane taro daga nan har Jos, ya san layin shinkafa, amma abin da mai jawabi ya ce ya bar shi a zaure.

Akwai kuma Ɗan Yayi. Lokacin da kirifto ke tashe, shi ne malamin kirifto. Yanzu ya zama gwanin ƙirƙirarriyar basira, kuma in gobe aka ce kiwon zomo ne fasaha, jibi zai kira taro a kai. Kishiyarsa shi ne Malam A-Zamaninmu, wanda ya iya Java tun yana ɗalibi a Gwallameji. Tun 2019 Google ta ce Kotlin ce a gaba wajen manhajar Android, shi kuwa har yau yana jira yaran su gaji su dawo hanya. A gaskiya ya fi Ɗan Yayi daraja, domin ko ba komai ya iya abu ɗaya. Sabon shiga cikinsu shi ne wanda ya miƙa wa ChatGPT ƙwaƙwalwarsa amana, yana karanto wa jama'a amsar da shi kansa bai gwada ba.

Abin da ya haɗa su duka shi ne babu mai gina komai da hannunsa. Jakadan da ake amfana da shi ba shi da yawan surutu. Kafin ya koyar da abu sai ya haɗa shi a kwamfutarsa, ya lalace, ya gano dalili. Yana karanta sanarwar sauye-sauyen da kamfani ke fitarwa, takardar da kowa ke tsallakewa. Tambayar da ɗalibi ya yi masa ya kasa amsawa, ita ce darasinsa na wannan makon. In kuma ya iya bayyana abin da Hausa ga wanda bai taɓa ji ba, to ya fahimta.

Za a ce ana yi wa Sarkin Satifiket rashin adalci, tunda masu ɗaukar aiki takarda suke fara dubawa. Haka ne, takarda na kai mutum gaban masu tantancewa, amma a can za a ce ya nuna abin da ya gina. Za a kuma ce wuta ba ta tsayawa, data ta yi tsada. Wannan uzuri ne na gaske, sai dai hujja ce a kan masu bidiyo: awa biyu na kallo sun fi cin data a kan karatun mako guda na rubutattun bayanai. Don haka masu shirya taro a Bauchi, kafin ku ba mutum makirfo, ku ce ya buɗe kwamfutarsa ya nuna aikin da ya yi a watan nan.