An Rage Tumbi, An Bar Tayi

Da can idan mai kuɗi ya ɓace daga gari na mako uku, sai a ce ya tafi Umara ko ya leƙa Dubai sarin kaya. Yanzu an samu wata tafiyar da ba a yi mata rakiya filin jirgi, ba a kuma raba tsarabarta. Alkahira ce, ko Istanbul, ko Delhi, inda ake zuwa a bar wa likita kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a dawo gida da ragowar. Aikin da ya fi tashe shi ne wanda ake yanke jakar abincin a tsaye a bar ɗan siririn bututu mai siffar ayaba. Akwai kuma wanda ya girme shi, wanda Dakta Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960, inda ake ware 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba a haɗa ta kai tsaye da hanji. Ko wanne aka yi wa mutum, labarin ɗaya ne: Alhajin da malmala uku ba ta girgiza shi ya dawo loma biyar ce iyakarsa.

Kada a fahimce ni a baibai. Mafi yawan masu kwanciya a yi musu wannan aiki ba gayu ne ya kai su ba. Ciwon sukari ne, da hawan jini, da gwiwar da ta gaji da ɗaukar mai ita, da minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa tsakar dare. Wanda ya yi wannan ƙarfin hali barka ya kamace shi. Abin dariyar yana wajenmu, mu da muke jiransa a gida da kuloli, domin likitan ya iya aikinsa, sai dai ba a koya masa cewa akwai wani abu wai shi tayi ba.

Kafin a sallami mutum ana ɗora masa dokokin da suka fi na makarantar kwana tsauri. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, sannan markaɗaɗɗe, sannan mai laushi, sai wajen mako shida zuwa takwas ya fara taɓa abincin mutane. Daga nan kuma a fara da nama ko kifi ko ƙwai, shinkafa ta jira ko za a samu wuri. A tauna kowace loma har sai ta narke. Ba a shan ruwa ana ci, sai bayan minti 30. Lemon kwalba mai gas a yi sallama da shi. Ƙwayoyin bitamin, musamman B12 da na ƙarin jini da na ƙashi, sun zama abokan zama. Ga shi a aikin yanke jakar, ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa, saboda haka a watannin farko ko yunwar mutum ba ya ji. To, ɗauki wannan bawan Allah ka kai shi gidan abinci a Kano ko Abuja ranar Asabar da daddare.

Tun daga ƙofa rigimar ke somawa. Tsohon kwastoma ne, wanda da ko takardar jerin abinci ba a kawo masa, an riga an haddace: dafa-duka filet ɗaya da rabi, rabin kaza, farfesun kayan ciki a gefe, lemo biyu masu raɓa.

"Ranka ya daɗe, a kawo na kullum?"

"A'a. Gasasshen kifi, ɗan ƙarami. Ban da shinkafa."

"Da dankali ke nan?"

"Ban da dankali."

"To me za a sha?"

"Ba komai."

Yaron ya tsaya da biro a hannu yana jiran ragowar odar. Babu ragowa. Ya koma kicin jiki a sanyaye, kuma kafin kifin ya gasu duk ma'aikatan gidan sun leƙo ɗaya bayan ɗaya don su ga yadda duniya ta yi da Alhaji. A bayan kanta har an yanke hukunci: kwangila ta tsaya.

Kifi ya iso. A gidajen abincinmu "ɗan ƙarami" na nufin tarwaɗar da kanta ke leƙe ta wannan gefen faranti, jelarta ta wancan, an binne ta da albasa da kabeji. Alhaji ya yi bismillah, ya ɓantari kaɗan, ya shiga tauna. Yana kan loma ta biyu abokan tafiyarsa sun share filet sun kira ƙari. A ta huɗu ya ajiye cokali ya ce alhamdu lillahi. Nan take manaja ya bayyana, hannu a baya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, ko gishirin ne ya yi yawa? A canza maka?"

"Wallahi ya yi daɗi."

"To ai ba ka ci ba, yallaɓai."

Ka ji inda gizo ke saƙar. A wajenmu ba baki ne ke yabon abinci ba, faranti ne. Duk santin da za ka yi, idan ba a ga ƙashi a tsotse ba, zagi ka yi.

Manaja ma da sauƙi, shi kasuwarsa yake karewa. Abokai su ne annoba. "Haba Alhaji, ci mana." "Yau kuma kunyar wa ake ji?" "Ɗan taɓa tsiren nan, mutumina, loma ɗaya ba ta kisa." Gaskiya ne ba ta kisa, amma tana iya tokare ƙirji ta tura dattijo mai furfura banɗaki da sassarfa ya mayar da ita. Wanda kuma ya fi kowa ƙauna shi ne mai turo kofin kunun aya da ya ji sukari, ko alkaki, yana rantsuwa sai an sha. Ga wanda aka haɗa wa ciki da hanji musamman, zaƙi kan zarce hanji a guje, cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa ta karyo, zuciya ta hau bugu, jiri ya kama, ciki ya murɗa. Teburi ya rikice. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya ce iska ce, na uku ya fara tofi, shi kuwa mai kunun yana fifita da takardar jerin abinci yana cewa, "Na faɗa muku yunwa ce, a kawo masa malta."

Za ka ce me zai hana Alhaji ya faɗi gaskiya kowa ya huta? Ai nan ne nasa laifin. Mutum zai ba ka labarin tiyatar ido da ta gwaiwa har da kuɗin da aka kashe, amma ta tumbi sirri ce. Idan an tambaye shi sai ya gyara hula ya ce, "Tattaki nake yi bayan Asuba, sai kuma ruwan ɗumi da lemon tsami." Yanzu haka rabin majalisa na kan ruwan ɗumi da lemon tsami, haƙora sun mutu, tumbi na nan daram. Inda kuma gaskiya ta ƙi fitowa, gari zai ƙera tasa. Wasu sun ce sukari ne ya ci ƙarfinsa. Wasu sun ce EFCC ce ta aiko da takarda. Dangin uwargida sun ce amarya ba ta iya girki ba, dangin amarya sun ce uwargida ce ta yi aiki. Waɗanda bara suke ce masa, "Alhaji, a riƙa rage jikin nan," su ne bana ke riƙe hannunsa bayan sallar Juma'a suna cewa, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi."

A Amurka likitoci kan ba wanda aka yi wa aikin wani ɗan kati da zai nuna a gidan abinci, ana roƙon a bar shi ya sayi abincin yara ko rabin na manya a rage masa kuɗi. Roƙo ne, babu dokar da ta tilasta wa mai gidan. Ina so a gwada katin nan a wajen mai tuwo a bakin kasuwa. Za ta juya shi gaba da baya, ta dubi agogon hannunsa, ta ce, "Wato Alhaji kuɗin jirgi kana da shi, na filet ne babu?" Balle a ga mai babbar riga ya yi odar abincin yara. Kafin ya haɗiye loma ta farko ya shiga TikTok.

Inda tausayi ya fi kama ni shi ne otal ranar da ake jera tukwane a ce biya kuɗi ɗaya ka ci iya cikinka. Da nan ne fagen Alhaji, sai ya tabbatar otal bai ci riba a kansa ba. Yanzu kuɗin bai ragu da ko sisi ba, cikin kuwa ƙwai ɗaya da cokalin wake ya ishe shi. Duk da haka za ka gan shi yana bin tukwane yana ɗaga murfi, yana cika faranti har da tozo, domin ido bai san an yi tiyata ba, kuma mutane na kallo.

Mata sun fi mu dabara. Hajiyar da aka yi wa aikin, a wajen dina ba ta musu da kowa. Ta karɓi filet da fara'a, ta yamutsa shinkafar da cokali, ta tura wata gefe, ta yayyaga naman ta ɓoye rabi ƙarƙashin kabeji, faranti ya yi kamar an yi yaƙi a kansa alhali loma uku ta ci. Amma idon ƙawaye ya fi na kwastan. Wata za ta matso ta ce, "Hajiyata, ba ci, ba sha, ga yawan tashi. Ko dai mun samu ƙaruwa ne?" Matar da ta aurar da 'ya'ya uku.

Da yake zubar da abinci almubazzaranci ne, kowace fita tana ƙarewa da kalma ɗaya: a ƙunshe. Tekawe biyu yau, uku gobe, duk a miƙa wa direba. Wata shida ke nan ana haka. Direban ya yi kumatu, wuya ya yi layi-layi, kaftaninsa ya fara neman agaji wajen maɓalli. Ran nan suka je wani sabon gidan abinci inda ba a san su ba, mai gadi ya ruga ya buɗe wa direba ƙofa yana "Barka da zuwa, ranka ya daɗe," sannan ya juyo ya dubi Alhaji ya ce, "Malam, gyara fakin ɗin nan, ka tare hanya."