Yadda Za Ka Ci Bashi da Turanci Ba Tare da An Ci Gyaranka Ba

Na farko, ka rabu da "borrow me your biro". Duk wanda ya taɓa zama gaban tulin takardun ɗalibai da jan biro a hannu ya san ciwon kan da jimlar nan take sawa. Ba sai an tsaya fassara ba, kowa ya haddace cewa borrow aro ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ta ina kayan suka fito, ina kuma suka nufa. Bahaushe da saiwa ɗaya yake aiki biyu: na ari littafi a wurinsa, na ara masa littafi. Bature kuwa ya raba gari: mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Shi ya sa haddace kalmar tsurarta ba ya kai mutum ko'ina, dole sai da abokan tafiyarta: borrow money from a friend, lend a pen to Audu, ko a taƙaice lend me your pen.

Na biyu, ka lura da ranar mayarwa. Mu mun bambanta aro da rance tun daga bakin ƙofa: tsani aronsa ake yi, shi ɗin za a dawo da shi; kuɗi da gero rantarsu ake yi, a biya da kwatankwacinsu. Turanci ya cusa duka cikin borrow, sai wajen dawowa yake rarrabewa: return a book, amma pay back the money, repay a loan, pay off a debt. To ita wannan return ɗin ce jama'a suka ƙaurace wa a kowane harshe. Caja ta fita da sunan minti biyar, sai ka gan ta bayan Sallah an naɗe mata wuya da salatif. Tukunyar biki ta tafi da murfi, ta dawo ba murfi, da ƙanzon shinkafa a gindi. Baro ya zaga gida huɗu kafin mai shi ya ji labari, in ya aika yaro karɓowa a ce ya cika ƙorafi. Wallahi abin da ciwo, don wanda aka ƙona sau uku rufe ƙofarsa yake yi, mai buƙata ta gaskiya ya zo ya koma hannu rabbana.

Wani zai ce ai daga Kano har Legas kowa "borrow me" yake cewa, kuma ana fahimta. Haka ne, a tasha da kasuwa ba wanda zai hana ka biro saboda nahawu. Amma mai makin WAEC da NECO ba a tasha yake zaune ba, takardar bashi kuma ba ta san "ai ka gane nufina" ba. Tun da Asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ɗalibai ke cike fom na bashin karatu marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. A irin waɗannan takardu ake cin karo da apply for a loan, take out a loan, borrower, lender. Wanda bai san wanne ne shi a cikin biyun ƙarshe ba, a kan me ya sa hannu?

Da akwai na uku da na huɗu, amma maganar owe ta sha gabansu, don nan ne aka fi kifewa. Bahaushe mai kuɗin yake sawa gaba: ina bin sa dubu biyar. Bature wanda ake bi yake sawa gaba: he owes me five thousand naira. Ka ɗauko tsarin Hausa ka rubuta "I owe him" alhali kai ke bin sa, ka amsa da hannunka bashin da ba ka ci ba, shi kuma ya adana saƙon a wayarsa.