Laftof ɗin Surukina

Wani mai neman lada ne ya je ya gaya wa Baba, surukina, wai na san kwamfuta, shi ya sa jiya bayan la'asar nake tsugune a gefen tabarmar zaurensa da wata tsohuwar laftof a gabana. 'Yar gwanjo ce da ya saya a titin Beirut nan Kano, har yanzu tambarin Windows 7 na manne a jikinta, manhajar da ta fito tun 2009. Hotunan Hajjinsa duk suna ciki. Ka danna madannin kunnawa, ba haske, ba motsin fanka.

Na auna caja da mita, bolt 19 cif, lafiyarta ƙalau. Na zare batir, na cire caja, na danne madannin daƙiƙa 30 don ragowar wutar da ta maƙale a ciki ta tsiyaye, sannan na jona caja ita kaɗai. Ko gezau.

Nan aminin Baba, wani tsohon direban tirela, ya gyara zama.

"Yaro, sanyi ne ya kama ta. A shanya ta a kan kwano zuwa magariba."

Na ce, "To, Alhaji."

"Ko kuwa fulogi ne. Ina fuloginta?"

Na ce ba ta da shi. Ya tambayi inda ake duba mata mai, na ce nan ma babu. Ya girgiza kai cikin tausayi. "Ka ga irinta. Da mota ce da tuni mun tura ta a gangare, a sa giya biyu, a saki kuloci."

Saura buɗe bayanta. Tsohuwar kwamfuta takan yi irin wannan suman in ram ya motsa daga gurbinsa ko bakinsa ya yi datti, sai a zare shi a goge da kilinar fensir a mayar. Akwai kuma ɗan batirin nan mai siffar kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe mata agogo, in ya mutu wasu sukan ƙi tashi. Na kwance notuna uku. Kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, tabarmar kuwa ta kaba ce, abin da ya faɗa cikin saƙarta ya tafi ke nan. Sai na yi dabarar kafintoci, na jera su a leɓena.

Baba ya yi atishawa.

Ya ce, "Alhamdulillahi."

Alhaji Direba yana kurɓar ruwa a moɗa. Babu mai amsawa a zauren sai ni. Surukinka ya yi atishawa, ya yi hamdala, ya juyo yana kallonka, yana jira. Ban yi shawara da kowa ba, tarbiyya ce ta riga hankali. Na ja numfashi na ce, "Yarhamu..."

Ƙut.

Na ji shi. Na ji sanyinsa a bayan harshe, na ji ya ɗan tsaya a maƙogwaro kamar mai neman izini, sannan ya wuce. Tun jiya nake sake kallon wannan daƙiƙar: hannuna ɗaya riƙe da ram, ɗayan da sukudireba, idona ya kawo ruwa, bakina a buɗe a tsakiyar addu'a, Baba kuma ya riga ya shirya tasa amsar, yana jiran in ƙarasa. Na tofa a tafin hannu. Biyu. Na sake ƙirgawa, wai ko lissafi zai ji tausayina. Biyu. Na dafa aljihu, na ɗaga gefen tabarma, alhali na fi kowa sanin inda yake.

"...kallah," na ƙarasa da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

Baba ya amsa a natse, sannan ya ce, "Malam, lafiya?"

"Baba, na haɗiye noti."

Abin godiya ɗaya shi ne ba batirin ba ne. Shi wannan in ya maƙale a maƙogwaro yana ƙona nama cikin awa biyu, sai asibiti a guje. Na yi niyyar yin wannan bayanin ko zan tsira da ɗan mutunci, amma Alhaji Direba ya riga ya miƙe, fuskarsa na walƙiya. An zo fanninsa.

"A kaɗa masa miyar kuɓewa, mai yauƙi sosai, kwano guda. Girisi ke nan." Ya leƙa waje ya ƙwala wa wani yaro kira, a je wurin mai gyaran rediyo a aro mayen ƙarfen lasifika. Za a ɗora mini a ƙirji a riƙa ja ƙasa a hankali, shi zai riƙe sitiyari. In hanya ta ƙi, a juya ni a yi ribas. Ya ma fara naɗe hannun riga. Daga cikin gida na jiyo dariyar ƙannen matata, labari ya riga ya tsallaka soro.

Baba bai yi dariya ba, dattijo ne. Ya dubi laftof a kwance ciki a waje, ya dubi notuna biyun da ke tafina, ya yi shiru. Can ya gyara murya.

"Ba komai, Malam, Allah ya sauwaƙe. Amma in ya fito a wanke shi sosai kafin a mayar. Hotunan Makka ne a ciki."