Jerin Ayyuka a Aljihun Mutumin Matazu

A shekarar 2001 wani Ba'amurke, David Allen, ya wallafa littafi sukutum kan yadda mutum zai juye ayyukan da ke kansa a takarda don ƙwaƙwalwa ta huta. Manomin Matazu ya daɗe yana yin haka a bayan rasit ɗin taki: sayen iri, biyan 'yan ƙwadago, kai masara kasuwa, ɗaurin aure a Malumfashi. Sai dai takardar tana aljihun rigar da aka jiƙa a baho tun da safe.

Samari sun koma waya. Wani Google Keep, wani Todoist, wani kuma saƙon murya yake tura wa kansa a WhatsApp, yana yi wa kansa faɗa kamar yaron shago. Duk suna aiki har batir ya mutu. Daga nan jerin ayyukan ya kwana wurin mai caji, an manna masa lamba a baya.

Dattawa kuwa salla ce ma'auninsu: gona bayan Asuba, bin bashi bayan La'asar, abin da ya haura Isha'i sai gobe in Allah ya kai mu. Mata kan ƙulla bakin zani don tuni, kodayake ƙullin ba ya faɗin dalilin ƙulla shi.

Dabarar da ba ta shiga wanki, ba ta neman caji, ita ce a faɗa wa uwargida. Wannan kam sai an yi aikin ake samun lafiya.