Sannunku da Aiki, Masu Kai Talaka Banki

Duk wanda bai gode wa Babban Bankin Najeriya ba butulu ne. Tun 2012 ya ɗauki alkawarin cewa kafin 2020, cikin kowane baligai goma, takwas za su shiga tsarin hada-hadar kuɗi. Wa'adi ya cika, binciken ƙungiyar EFInA ya nuna kashi 36 cikin ɗari suna nan a waje. Da wani mai ƙaramar dabara ne, da sai ya ce a kai rassan banki ƙananan hukumomin da ba su da ko ɗaya, a kai wuta da sabis ƙauyuka. Manyanmu sun fi ƙarfin wannan wahala. Tunda talaka ya ƙi zuwa banki, ai sai a raba shi da kuɗin hannunsa, a ga inda zai nufa.

Haka kuwa aka yi. A Oktoban 2022 gwamnan bankin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ɗaya. Aka yanka wa tsofaffin kuɗi wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka yi wa jama'a alfarmar ƙarin kwana goma. Tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbi suka ƙi fitowa. Madalla! Ba a taɓa ganin jama'a sun ƙaunaci banki irin na wannan lokaci ba. Tun kafin asuba ake kama layi, wasu a bakin ATM suke kwana. Makiyayin da bai taɓa riƙe kati ba ya karyar da sansa ga duk mai tsaba a hannu. Mai tumatir ta zauna tana kallon kayanta suna ruɓewa, mai saye ba shi da tsaba, ita kuma ba ta da wayar karɓar turansifa. Mai jinya ya tsaya a kantin magani, an cire kuɗi a asusunsa, ba su shiga na mai kanti ba. Sabuwar sana'a ma ta samu: sayen naira da naira. Ka biya mai POS dubu ɗaya ko biyu, ya miƙo maka dubu goma daga guminka. Wace ƙasa ce ta taɓa ilimantar da mutanenta cikin sauri haka?

Sai marasa godiya, gwamnatocin Kaduna, Kogi da Zamfara, suka garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, ta katse darasin ana tsaka da shi.

To, wanda ya shigo ciki fa, me ya tarar? Karramawa iri-iri. A lokacin, a turo masa dubu goma ko fiye, a yanki naira hamsin. Ya danna lambobi a ƙaramar wayarsa, a caje shi naira 6.98. Saƙon da ke gaya masa an cire kuɗi, shi ma da kuɗinsa. Katin da ke aljihunsa, akwai kuɗin kula da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya rage kuma hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 a 2024, tana tsotse shi a hankali. In ya nemi rancen taki sai a tambaye shi takardar gida. Dubi adashin iyayenmu mata don ka gane ci-gaban da aka samu: kowa ta zuba, ranar kwasarta ta kwashi kuɗinta cif, uwar adashi ta san gidan kowa. Wannan ai duhun kai ne, tunda ba ya shiga rahoton da ake karantawa a otal-otal ɗin Abuja. Akwai kuma kuɗin dijital na eNaira da aka ƙaddamar a Oktoban 2021. Mai son ganin nasararta ya zagaya kasuwar Kantin Kwari ya nemi wanda zai karɓa.

Ranku ya daɗe, kun iya ƙirga asusu. Muna roƙonku ku ƙirga abin da ya rage a cikinsa bayan kun gama yanka, ku sauke cajin nan daga kan masu ƙaramin ƙarfi, kuma kada ku sake hana mutum kuɗinsa da sunan taimakonsa.